Gasayar da Na Shuka wa Inna

A garinmu, can tsakanin Buza da Keita, ba wanda ke shuka gasaya. Haki ce a wurinmu, ciyawa kawai. Ruwa ya sauka ta fito da kanta a bakin juji da inda shanu suka kwana, mata su tsinko, su dafa, su matse ruwan ɗacin, su kwaɗa ta da ƙuli-ƙuli. Damina ta wuce, ita ma ta wuce. Ba a keɓe mata wuri, ba a ajiye irinta. Ni na ajiye, na shuka, na ɗauko mata ruwa daga fadama, kuma har yau ban manta abin da aka yi mata ba.

Saboda inna na yi. A ƙarshen wata damina zazzaɓi ya kayar da ita. Muka kai ta likita a Buza, aka yi mata allura, zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da bakinta. A gidana take zaune tun rasuwar babanmu, don haka ni da mai ɗakina muke ganin kwano ya shiga ɗakinta ya fito yadda ya shiga. Tuwo ta ce ya yi mata nauyi. Hura ta kurɓa sau ɗaya ta ture ƙwaryar. Wana, wanda kowa ke kira Alhaji, fataucin albasa yake yi, kuma hannunsa a buɗe yake, wannan ba zan ɓoye ba. Ya aiko shinkafa, ya aiko taliya, ya aiko madarar gwangwani. Ta dube su ta juya fuska bango. Awarwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu duk lokacin da ta ɗaga hannun.

Wata rana mai ɗakina ta gaji ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, don Allah ki hwaɗi abin da ranki ka so, ko mine ne."

Inna ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta ce, "Da dai gasaya."

Ranar kasuwar Tabotaki na samo mata busasshiya. Aka jiƙa, aka dafa, aka kwaɗa. Ta kai hanci ta ajiye. "Wagga buhu take wari," in ji ta. "Ɗanya nika so." To ɗanya ta riga ta ƙare a daji. Wadda ta rage tana gefen garake a fadama, kuma tun da aka fara fesa maganin haki a can, matan garinmu ba sa yarda su tsinko komai daga wurin, don ba ka san wadda aka fesa da wadda aka bari ba.

Sai na tuna kufan kakanninmu na wajen uwa. Yana ƙarƙashin dutse, gabas da gari. A can aka haifi inna, lokacin mutanen gidansu suna Azna, ba su fara salla ba. Yanzu ba kowa sai makiyaya da ke kwantar da shanu bayan an cire amfani. Na je na tarar da gasaya ta bushe a tsaye, ƙwansonta ya fara tsagewa. Na murje su a tafin hannu, na hure ƙaiƙayin, na zuba ƴan baƙaƙen ƙwayoyin a wata ƴar kwalba.

A bayan ɗakin inna akwai ɗan fili da muke ɗaure jaki. Na kaɗe shi, na yi fangali, na yi rami-rami na zuba iri na rufe, kamar yadda na saba da hatsi. Na yi ta ba wurin ruwa. Ko tsinke bai fito ba. Da na gaya wa inna sai ta yi dariya, dariyar farko tun da ta kwanta.

"Ka binne ta? Wa ya taɓa binne gasaya? Ka ga saniya tana tona rami in za ta yi kashi? Watsa ta aka yi bisa taki. Kuma sabon iri ba shi tashi, sai ya yi barci. Rataye kwalbar ka bar ta."

Na rataye ta a zaure har sanyi ya fara ja da baya. Sannan na kwaso takin awaki, na gauraya da toka, na shimfiɗa, na watsa irin a jere, na yayyafa ƙasa sama-sama. Wannan karon ta fito. Ranar da na ga ƴan kunnuwanta sun keto taki na daɗe a tsugune, har jakin ya fara haushin an manta da shi.

Ruwa shi ne wahalar. Rijiyarmu tana fadama, gidana yana kan tudu. Safe da marece ina ɗora bido biyu, jarkokin ruwa, a kan jaki, wani lokaci in saɓa na uku a kafaɗa. Hanyar kuma ta gaban majalisa ta bi, inda dattawa ke zama a gindin itacen bedi. Ba a daɗe ba suka raɗa mini suna.

"Ga manomin haki nan! Bana dami nawa kaka sa rai?"

"In ka gama ka biyo gonata, ƙarangiya ta yi kyau, kyauta na ba ka."

"Ku bar shi, karatun da ya shiga ne. Ai cikin littafi anka rubuta musu."

Wannan na ƙarshe don ina zuwa karatun manya ne, a ajin lakwal, makarantar boko, bayan yara sun tashi. Nakan yi dariya tare da su in wuce. Ni mutum ne da ba a cika jin muryata ba. Maganarsu ba ta dame ni ba, don ina da abin da ya fi ta. Kullum in na gama ban ruwa nakan tsinki ganye ɗaya, mai yatsu biyar kamar hannun jariri, in kai wa inna. Ta murza shi a yatsu, ta shinshina, ta lumshe ido. Bayan haka takan yarda ta sha hura rabin ludayi, wata rana ludayi guda.

"A tsinko miki ko kaɗan ne?" na tambaye ta.

"Kak ka taɓa ta. In ka tsinke ta ƙarama sau guda za a ci. Bari ta yi rassa."

Alhaji ya zo wata safiya ya same ni ina yayyafa ruwa. Ya tsaya bakin fangalin da babbar rigarsa, yana kaɗa makullin babur a yatsa.

"Wai kai mi ya same ka? Gari duk maganarka ake."

"Inna ka sonta, Yaya."

"Inna ba ta san abin da take so ba, tsufa ne. Abinci iri nawa na aiko gidanga? Ka san wa ke cin haki da rani? Wanda ruhewar hatsinshi ta zama ɗakin ɓeraye. Ga baƙi suna shigowa neman ɗiyarka. So kake su koma garinsu su ce yunwa ta kai gidanmu ga noman ganye?"

Ya matso ya rage murya.

"Kuma an ce daga kufai ka ɗebo irin. Kufan Azna. Shekara nawa muna wanke wanga suna daga jikinmu? Yanzu cewa ake ba don ci ka shuka ba, wani abu kake kiwo bayan ɗaki. Share shi."

Na ce, "To, Yaya." Haka nake ce masa tun muna yara, ko na yarda ko ban yarda ba. Ya tafi, na ci gaba da ban ruwana.

Maganar baƙi gaskiya ce. Wani saurayi daga wajen Madawa yana neman ɗiyata ta fari, ita ma tana sonsa, manya sun shiga maganar. Yaron kirki ne, mai noman garka. A al'adarmu mai neman aure yakan kwaso abokansa su zo su yi wa gidan surukai aiki. Da damina noma suke yi, da rani su gyara darni ko su yi yaɓe. Ba a tambayar uban yarinya, don tsakaninsa da yaron akwai kunya. Ta hannun wan uba ake tsara ranar. Wato ta hannun Alhaji.

Gasayar ta kusa kai gwiwa, ta fara rassa. Ni da inna muka tsayar da Juma'a ranar tsinka. Mai ɗakina ta tanadi ƙuli-ƙuli da ɗan mai, ta daka tonka don yaji.

Kafin Juma'ar, wata ranar karatu, na ci abincin rana na tafi lakwal. Mai ɗakina tana gidan suna a wata unguwa. A ranar mushe, malaminmu, yana koya mana baƙin da ake ninkawa. Ya rubuta "haki" a allo, ya rubuta "hakki" a ƙarƙashinsa, ya ce mu lura, baƙi ɗaya ne tsakaninsu. Wanda ke zaune kusa da ni ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Wanga darasi naka ne, manomi." Aji ya fashe da dariya, har da mushe, har da ni. Na rubuta kalmomin biyu a allona.

Tun daga nesa na ga darnin gidana sabo fil. Na ji dariyar samari da ƙamshin shayi. Na shiga. Tsakar gida an share ta tas. Samarin suna zaune a inuwa, ƙafafunsu duk ƙasa, Alhaji yana kan kujera a tsakiyarsu. Da suka gan ni suka miƙe, suka tuɓe takalma, suka durƙusa. Mai neman ɗiyata ya koma can baya ya sunkuyar da kai, kamar yadda ya kamata.

Ban tsaya ba, na zagaya bayan ɗakin inna. Ba gasaya. Ko tushe ɗaya. An kafce wurin, an daidaita fangali, an dasa albasa layi-layi, an ba ta ruwa da bidon da na ɗebo da safe.

Babban abokin yaron ya biyo ni, fuskarsa cike da murna. "Baba, mun ga kana ta wahalar ba wurin ruwa, amma abin da ka shuka bai hito ba, gasaya ta danne shi. Alhaji ya ce karatu ya hana ka sukuni. Shi ne munka share munka dasa maka albasa. Irin garinmu ne, na ƙwarai."

Wani daga baya ya ce, "Amma hakin ga ya ji taki. Kuma a jere ya hito, awa shuka shi anka yi!"

Suka yi dariya gaba ɗaya. Na dubi Alhaji. Yana hura shayinsa, bai ɗago ba.

Me zan ce? Yara sun taso daga garinsu da rana tsaka, sun yi gumi a gidana don girmama ni. In na buɗe baki na ce sun yi ɓarna, na kunyata yaron gaban abokansa, labari ya kai gidansu kafin su isa. Uban yarinya ba ya faɗa da mai neman ɗiyarsa. Ko doguwar magana ba ya yi da shi. Alhaji ya san haka sarai. Shi ya sa bai share ta da hannunsa ba, bai aiko yaran gidansa ba. Ya nemo hannun da ba zan iya riƙewa ba.

Na ce, "Sannunku da aiki. Allah shi yi albarka."

Suka ce, "Amin, Baba."

Ban taɓa faɗin addu'ar da ta yi mini ɗaci a baki kamar wannan ba. Kalmomin nan biyu suna nan a allona cikin jaka, ban goge ba, sai na ji kamar ni aka rubuta wa su.

Da suka tafi na tambayi ɗiyata, wadda ta ɓuya gidan maƙwabta tun zuwansu, inda aka zuba hakin. Ta nuna garken awaki tana kuka. Awaki ba su cika son gasaya ba saboda warinta. Tattake ta suka yi, suka yi fitsari a kai. Na shiga na durƙusa cikin taki ina tsintar wadda ba ta lalace ba. Mai ɗakina ta dawo daga suna ta same ni a haka. Ta tuɓe mayafi ta shigo. Abin da muka tsira da shi bai cika ƙwarya ba. Ta wanke, ta sake wankewa, ta dafa, ta matse. Da ta buɗe hannu, dunƙulen bai fi ƙwan zabo biyu ba.

Inna ta tashi zaune da kanta, ba wanda ya tallafe ta. Ta sa hannu. Ta cinye, ta bi kwanon da yatsa ta lashe. Muna tsaye muna kallonta kamar ba mu taɓa ganin mutum yana cin abinci ba.

"Kun yi gaggawa," in ji ta. "Ɗacinta bai kai ba. Gobe a tsinko manyan."

Kunnenta ya yi nauyi, ta ji saran hauya a bayan ɗaki ta ɗauka ni ne. Mai ɗakina ta dube ni, na dube ta. Ba wanda ya iya faɗa mata a ranar.

Da safe na je gidan Alhaji. Yana bakin ƙofa ana loda buhunan albasa a mota. Na ce ina son magana, muka shiga zaure. Ban ce "To, Yaya" ba. Na ce, "Ka san don wa na shuka ta."

"Na rufa maka asiri, kana zuwa mini da hushi?"

"Jiya ta ci abinci. Ta cinye kwano. Rabonta da haka tun damina."

"To madalla. Bakin ya buɗe ke nan, sai a ba ta shinkafa."

"Ka zaɓi ranar da ba ni gida. Ka zaɓi yaron da ba ni iya yi wa magana. Da kai ka zo da hauya, wallahi da na riƙe hannunka."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan ya ce, "In ka isa, tahi ka tuge albasar. Ka tuge kyautar surukai, mu ga auren ɗiyarka." Ya fita wurin masu lodi ya bar ni tsaye.

Gaskiyarsa, ban isa ba. Kuma ban isa in bar ta ta bushe ba, don duk wanda ya zo daga gidansu yaron sai ya leƙa ya ga yadda kyautarsu take. Haka na ci gaba da hawa tudun nan safe da marece, ni da jaki, ina ɗauko wa albasa ruwa. Albasar da ta cika rumbunan Alhaji har tana ruɓewa. Albasar da inna ko warinta ba ta so. Masu majalisa suka ce, "Yauwa, manomin haki ya shiryu." Wannan karon ban yi dariya ba.

Da na gaya wa inna, ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ce, "Wanka ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "Tun yana ƙarami ba shi son a ga abin da ke cikin kwanonshi." Ta kwanta. Huran da take sha rabin ludayi ta daina.

Bayan ɗan lokaci yaron ya zo gaishe ta. Abin da uba ba zai faɗa wa surukinsa ba, kaka tana faɗa, don tsakaninta da mijin jikarta wasa ne. Ina zaune a bayan ɗaki, ina jin su ta taga.

"Angona, matso in gan ka. An ce kai ne mai ƙarfin hauya."

"Ni ne, tsohuwa. Kin ga zan iya riƙe ki."

"Riƙe ni? Kai da ka hwara da kifar mini da tukunya? Tun ba a ɗaura ba ka hana ni ci, in an ɗaura sai ka hana ni ruwa."

Ya yi dariya. "Wace tukunya kuma?"

"Wadda ke bayan ɗakin ga. Watanni ɗana yana hawan tudu da ruwa don in samu abin kai wa baki, ka zo da rundunarka ka ba awaki. Ko don ka ga na tsufa kake son ka rabu da ni ka auri yarinya?"

Dariyar ta tsaya. Sannan na ji yana cewa, "Kaka, wallahi ban sani ba." Ta ce, "Na san ba ka sani ba, angona. Shi ya sa nika hwaɗa maka."

Washegari ya hau babur ya bi garaken fadamar Madawa ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo da marece da ɗan ƙunshi a zane, ya ba mai ɗakina. Gefen ganyen ya yi rawaya ya nannaɗe. Da kansa ya ce ba zai iya rantsewa ba a fesa mata magani ba, ya ɗebo ne don kada ya dawo hannu wofi. Ba mu dafa ba. Kafin ya tafi ya zagaya bayan ɗaki, ya durƙusa, ya tuge rabin albasar da hannunsa, ya tara ta gefe, ya fita bai dube ni ba. Ban taɓa riƙe yaron nan a raina ba. Yau shi ne mijin ɗiyata, kuma ina sonsa.

Na sauko da kwalbar. Abin da ya rage a gindinta bai cika cokali ba. Na watsa. Amma bazara ta riga ta shigo. Ruwan rijiya ya yi ƙasa, sai ka daɗe a layi kafin ka cika bido ɗaya, kuma abin da ka zuba da safe kafin hantsi ƙasa ta shanye. Na yi wa wurin rumfa da karan dawa. Ta fito jefi-jefi, tana tafiya a hankali, kamar ita ma ta gaji da mu.

Kullum inna takan tambaya, "Ta kai ina?" In nuna mata da yatsa. Gaɓa ɗaya. Gaɓa biyu. Na ce a tsinko hakanan, ko loma ɗaya ce. Mai ɗakina ta tsinko ƴan ganye ta dafa, inna ta sa a baki ta kasa haɗiyewa. Lokacin ya wuce. Daga baya ta daina tambaya. Ta rasu wata ranar da zafi ya yi tsanani, bayan azahar, ruwan farko bai sauka ba.

A zaman makoki Alhaji ne a gaba, shi ne babba. Duk wanda ya zo gaisuwa ya tambayi ciwon, sai ya buɗe hannu ya ce, "Ba abin da ba mu kai mata ba. Shinkafa, nama, madara. Ta ƙi ci. Kwana ne ya ƙare." Mutane su ce, "Allah sarki, Alhaji ka yi ƙoƙari." Ina zaune kusa da shi a tabarma ɗaya. Na ji maganar nan ta fito daga bakinsa har na daina ƙirgawa. Na san kwana na Allah ne, ban taɓa musun haka ba. Amma na ga tsohuwar nan ta lashe kwano da yatsa ta ce gobe a ƙaro, kuma na san wanda ya tsaya tsakaninta da goben.

Ban daina ba gasayar ruwa ba. Ban san dalili ba, ƙafata ce kawai ta saba da tudun. Kafin sadakar arba'in ta yi rassa, ta yi duhu, har ta fara fitar da farin fure.

Ranar sadakar Alhaji ya yanka rago, aka dafa shinkafa, aka toya masa. Maza suka cika ƙofar gidana, liman da dattawan majalisa suna gaba. Tun da safe na ce wa mai ɗakina ta tsinke gasayar duka ta kwaɗa. Ta ce, "Malam, yau?" Na ce yau. Da aka fara fito da abinci na shiga na ɗauko kwanon da kaina, na ratsa mutane, na ajiye shi gaban Alhaji, na buɗe.

"Sadakar inna ce, Yaya. Daga bayan ɗakinta."

Waɗanda suka raɗa mini suna suka sunkuyar da kai. Ba a ture sadakar mamaci, balle ta uwa, balle gaban liman. Ni ma na san al'ada. Na tsaya a kansa ina jira. So nake ya kasa. So nake ta tsaya masa a wuya, ya nemi ruwa, kowa ya gani.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya ɗiba. Ya tauna a hankali. Ya sake ɗiba. Bai tura wa na kusa da shi ba, bai ɗago ba, ya yi ta ci har ya tattara na gefe-gefe da yatsu. Da ya gama ya ce, ba da ƙarfi ba, kamar da kansa yake magana, "Haka take yin shi. Sai dai ita takan ƙara tonka."

Ashe ya sani. Bai manta ɗanɗanon ba ko kaɗan. Hannu ɗaya ya ciyar da mu wannan ganye muna yara, a shekarun da ba hatsi, kuma duk watannin da take kwance tana jira, yana sane da abin da take jira.

Na ɗauki kwanon na shige gida. Mai ɗakina tana bakin murhu ta ce, "Ya ci?"

Na ce, "Ya cinye."

A waje liman ya fara addu'a, na ji maza suna amsawa, muryar Alhaji ta fi ta kowa ƙarfi. Na zauna a ƙofar ɗakin inna da kwanon a hannuna, na yi mata tawa addu'ar daga nan. Ban koma tabarmar ba.